Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya Ba Hujja Ba Ce

Duk shekara sama da mutum 10,000 ke mutuwa a titunan Amurka sanadiyyar tuƙi cikin maye. Shi ya sa idan aka ce akwai lauyoyin da aikinsu shi ne tsefe gwajin da ɗansanda ya yi wa direba a bakin titi, da yawanmu za mu taɓe baki mu ce masu wanke mashaya ne don kuɗi. Ni ban yarda ba. Rubuta manhaja ce sana'ata, kuma a wurinmu duk gwajin da ake tsoron a gwada shi abin tuhuma ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gwajin kashi uku ne, kamar yadda hukumar kiyaye haɗurra ta manyan hanyoyin Amurka, NHTSA, ta tsara. Na farko, ɗansanda zai riƙa motsa biro ko ɗan yatsa a gaban fuskarka, yana duba ko ƙwayar idonka na karkarwa idan ta bi shi gefe. Alamomi shida ake nema, huɗu sun isa a zarge ka. Na biyu, ka yi taku tara a kan miƙaƙƙen layi, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, ka juya yadda aka nuna maka, ka dawo. Alamomi takwas ne, biyu kacal sun kayar da kai. Na uku, ka ɗaga ƙafa ɗaya kamar inci shida daga ƙasa, kana ƙirga, har daƙiƙa 30. Alamomi huɗu ne, nan ma biyu sun isa.

Ka lura da abin da ake kira alama. Fara tafiya kafin ɗansanda ya gama bayani alama ce. Buɗe hannu don kada ka faɗi alama ce. Mutumin da bai taɓa kurɓar giya ba zai iya yin biyun nan cikin daƙiƙa goma, da tsakar dare, motoci na wucewa da gudu, gabansa na faɗuwa. Kuma ba a gaya masa abin da ake ƙirgawa.

Masu kare gwajin suna da lamba ɗaya da suke ji da ita: kashi 91 cikin 100. Ta fito ne daga binciken da Jack Stuster da Marcelline Burns suka yi a San Diego, aka wallafa a 1998. Direbobi 297 aka tsayar, kuma a kan 269 daga cikinsu 'yansanda sun canki daidai ko giyar da ke jininsu ta kai mizanin doka na 0.08 ko ba ta kai ba. Lambar tana da daɗin ji, amma mu buɗe cikinta. Cikin direbobin nan, 214 dama sun kai mizanin ko sun haura. Da zan rubuta manhaja mai layi ɗaya, wadda duk wanda aka kawo mata sai ta ce “ya bugu” ba tare da ta duba komai ba, za ta ci kashi 72 cikin 100 a wannan jarrabawa. Tambayar da ta dace ita ce, me ya sami sauran 83 da ba su kai mizanin ba? An ɗauki 24 daga cikinsu a matsayin waɗanda suka kai. Kusan mutum uku ke nan cikin kowane goma. Manhajar banki da ke rufe asusun mutum uku cikin goma marasa laifi ba za ta kwana a kasuwa ba.

Akwai kuma binciken Spurgeon Cole da Ronald Nowaczyk na Jami'ar Clemson a 1994. Sun ɗauki bidiyon mutum 21 da ba su sha komai ba suna irin waɗannan gwaje-gwaje, suka nuna wa 'yansanda 14. A kashi 46 cikin 100 na hukuncin da suka yanke, 'yansandan sun ce mutanen sun sha da yawa, bai kamata su yi tuƙi ba.

Littafin horarwa na hukumar da kansa ya san raunin abin. Ya ambaci cewa wanda ya haura shekara 65, da mai ciwon baya ko ƙafa ko cikin kunne, da mai ƙiba sosai, suna shan wahala a gwajin. Ya ce a ba mai dogon takalmi damar cirewa. Ya kuma yi gargaɗi cewa idan aka sauya wani ɓangare na tsarin, ingancin sakamakon ya raunana. Ƙara da baƙon da Turancinsa bai nuna ba, aka zuba masa umarni a jere cikin sauri. Rashin fahimta za a rubuta masa a matsayin maye. Karkarwar ido kuwa tana da dalilai da yawa ban da giya, daga wasu magunguna zuwa larurar kunne da ta ƙwaƙwalwa, har akwai waɗanda aka haifa da ita.

To me lauya ke yi a kotu? Yana ɗauko littafin hukumar da bidiyon kyamarar ɗansanda, ya jera su. Wurin a miƙe yake ko gangare ne? An tambayi direba ko yana da ciwo? An motsa biron da saurin da aka ƙayyade? An nuna masa yadda ake juyawa? Irin aikin da muke biyan mutane albashi su yi wa manhajarmu ke nan kafin ta isa hannun jama'a, kuma ba wanda ke kiransu maƙiyan kamfani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wasu kotuna sun saurara. A 2000 Kotun Ƙolin jihar Ohio ta ce sai an bi tsarin gwajin sau da ƙafa kafin a dogara da shi, ko da yake daga baya majalisar jihar ta sassauta sharaɗin. A 2002, a wata kotun tarayya da ke Maryland, alƙali Paul Grimm ya yanke cewa ba za a yi amfani da gwajin wajen tabbatar da yawan giyar da ke jini ba. Ɗansanda zai iya faɗin abin da idonsa ya gani, amma kada ya sa masa rigar kimiyya da kalmomi irin su “ya ci” ko “ya faɗi”. A 2015 Kotun Ƙolin Kansas ta kwatanta amincin gwajin ido da na kayan wasan duba, matuƙar ba a kawo hujjar ingancinsa ba.

Za a ce ai ana auna numfashi ko jini daga baya, gaskiya za ta fito. Haka ne, amma kafin ta fito an sa wa mutum ankwa, an ja motarsa, ya kwana a tsare, hotonsa ya shiga intanet. Sakamakon jini kan ɗauki makonni ko watanni. Direban tasi ko na babbar mota zai iya rasa abincinsa kafin takardar wanke shi ta iso.

Za a kuma ce idan aka raunana gwajin, mashaya za su sha da ƙyar su koma kan titi. Wannan tsoro ne na gaske, kuma maganinsa a bayyane yake: a naɗi kowane gwaji a bidiyo, a hanzarta awon numfashi da na jini, a bar gwajin bakin titi a matsayinsa na dalilin zato. Hukuncin da aka kafa a kan awo mai ƙarfi ya fi wuyar rushewa, kuma shi ne ke tsare mashayin gaske. Ƙasar da za ta ƙwace wa mutum lasisi da 'yanci dole ta zo da hujjar da ta fi cewa ya yi tangaɗi a daƙiƙa ta 25.