Hotunan 'Ya'yanki a Wuri Nawa Suke?

 Yau ba maganar zazzaɓin yara ko allurar jarirai na zo da ita ba, duk da cewa ita ma riga-kafi ce. Maganar abin da ke cikin wayar da kike riƙe da ita yanzu haka ce.

Shekara uku ke nan da rasuwar Ummanmu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Ba ta iya rubutu a waya ba, saƙon murya take turawa. Yawancin saƙonninta suna wayar Yayata, haka ma bidiyon ranar sunan autana, inda take riƙe da shi tana masa addu'a. Wata ranar Laraba Yaya na dawowa daga kasuwa a cikin a-daidaita-sahu aka fizge wayar. Ta sayi sabuwa, ta saka WhatsApp da tunanin komai zai dawo, sai ta tarar ajiyar ta daina aiki tun watanni da yawa saboda wuri ya cika. Ta kira ni ina bakin aiki, muryarta na rawa, ta ce: "Ni ba wayar nake wa kuka ba, muryar Umma ce ta tafi."

Mutane da yawa suna zaton Google na ajiye musu komai. Abin da yake bayarwa kyauta gigabait 15 ne, kuma Gmail da Google Drive da Google Photos duk a ciki suke rabawa. Tun ranar 1 ga Yuni 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, sannan daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga lissafin. Masu iPhone kuwa gigabait 5 kacal iCloud ke ba su. Bidiyon biki biyu ko uku sun isa su cinye wannan, daga nan ajiya ta tsaya, ke kuma kina kallon saƙon gargaɗin kina gogewa.

Wautar da na yi

Da albashi ya shigo, sai na sayi rumbun ajiya na waje, wanda masu shago ke kira had-disk. Wani ɗan akwati ne kamar girman waya, ana jona shi da kwamfuta ta kebul. Na kwashe hotuna da bidiyon shekara shida na zuba a ciki, sannan na goge su daga wayata don in sami wuri. Na ji daɗi, ina ganin na gama.

Bayan wata huɗu, rumbun yana jone da laftof a kan gado, autana ya zo da gudu ya ja kebul ɗin, abin ya faɗi a kan tayil. Da na sake jona shi sai ƙara kawai yake, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Abin da muka samu ya dawo shi ne wanda Abban yara ya taɓa kwafa a kwamfutarsa, da wanda na tuttura wa dangi. Sauran sun tafi.

Laifin ba na rumbun ba ne, nawa ne. Ban yi ajiya ba, ƙaura na yi wa hotunan daga ɗaki guda zuwa wani ɗaki guda. Abin da yake wuri ɗaya tak, ko a waya ko a rumbu ko a intanet, ba ajiyayye ba ne. Sai ya kasance a wuri biyu ko uku. Idan wannan kaɗai kika ɗauka daga rubutun yau, ya wadatar.

Wane girma za ki saya?

Terabait 1 gigabait 1,000 ne. Idan hoto guda ya kai megabait 4, terabait 1 zai ɗauki hoto 250,000. Bidiyo ne mai cin wuri: minti ɗaya mai kyau yakan kai megabait 100, wato terabait 1 zai ɗauki sama da awa 160. Rumbu mai terabait 2 zai haɗiye waya mai gigabait 128 cike maƙil har sau 15. Ga yawancin gidajenmu wannan ya isa shekaru.

Idan kuɗinki ya kai na babba guda mai terabait 4 ko 5, shawarata ki raba kuɗin ki sayi biyu masu terabait 2. Babba guda idan ya mutu ya tafi da komai, biyu kuwa da wuya su mutu rana ɗaya.

Kada kuma ki firgita idan kin jona mai terabait 1 kwamfuta ta nuna miki gigabait 931, ko mai terabait 2 ta nuna 1.81. Ba cutarki aka yi ba, bambancin lissafi ne tsakanin kamfanin da kwamfutar.

Wane iri?

Iri biyu ne. Akwai HDD, mai faifai a ciki da ke juyawa da sauri, da wani ɗan hannu da ke karatu a kansa. Shi ne mai araha idan aka yi la'akari da girmansa, amma ba ya son faɗuwa, musamman yana cikin aiki. Irinsa ne nawa da ya mutu. Akwai kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, ya fi ƙanƙanta, amma ya fi tsada sosai. Don ajiyar gida da za a ɗauko sau ɗaya a wata, HDD ya wadatar.

Shi ma HDD kashi biyu ne. Ƙarami yana shan wuta daga kebul ɗin da aka jona shi da laftof. Babba na kan tebur yana da cajarsa da ake sakawa a bango. A irin wutarmu da ake ɗaukewa ba sallama, ni na fi son ƙaramin, domin batirin laftof zai riƙe shi idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi.

Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera HDD: Seagate da Western Digital, wanda za ki ga an rubuta WD, da Toshiba. Wasu sanannun kamfanonin suna saka na waɗannan ne a cikin nasu akwatin.

Hattara da araha

Za ki ga talla a intanet: rumbu mai terabait 16 a kuɗin atamfa. Ki wuce. Irin waɗannan idan aka buɗe su, ɗan katin memori ne a ciki, an yi masa dabara yana nuna girman da ba shi da shi. Za ki yi ta zuba hotuna, sunayensu na bayyana, alhali sababbi na taka tsofaffi. Ranar da kika zo buɗewa ki tarar ba komai.

Ko a Farm Centre ta Kano za ki saya, ko Banex a Abuja, ko wani shago a garinku, ki yi waɗannan:

1. Ki sayi sabo a kwalinsa a rufe, ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin rumbun.
2. Ki duba lambar a shafin kamfanin, zai nuna miki ko akwai garanti. Yawanci yana tsakanin shekara 1 zuwa 3.
3. Ki sa wanda ya iya ya gwada miki da manhajar H2testw, wadda ke cika rumbun don tabbatar da girmansa na gaskiya. Tana cin awoyi da yawa, don haka ki yi yarjejeniya da mai shago cewa za ki dawo da shi idan ya gaza.
4. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa rumbu ya taɓa yi yana aiki. Idan "sabo" ya nuna dubban awoyi, tsoho ne aka yi wa sabuwar riga. Duka manhajojin biyu kyauta ne.

Ki sani garanti rumbun kawai yake biya. Za a iya canza miki da sabo, amma ba wanda zai dawo miki da hoton ranar da ɗiyarki ta fara tafiya.

Kafin ki zuba komai, ki ce a tsara shi a kan exFAT, domin ya yi aiki da Windows da Mac da yawancin wayoyin zamani. Tsarawar tana goge duk abin da ke ciki, shi ya sa ake yin ta tun yana fanko.

Idan babu kwamfuta a gidan fa?

Yawancin wayoyin Android suna karɓar filashi kai tsaye ta bakin caja, abin da ake kira OTG. Filashi mai gigabait 128 ko 256 ya isa a fara da shi. Ƙaramin SSD ma yakan yi aiki da waya, amma HDD sau da yawa yana buƙatar wutar da ta fi ƙarfin waya. Sai dai filashi yana da saurin ɓata da saurin mutuwa, don haka ya zama kwafi na biyu, kada ki goge na waya saboda shi.

Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne ki miƙa wayarki a buɗe ga mai tura finafinai a bakin titi ya kwafe miki. A cikinta akwai hotunanki ba mayafi, da na 'yan matanki, da hirarki da maigida. Ki nemi laftof ɗin ƙaninki ko ɗiyarki, ki zauna a wurin har a gama. Wasu rumbunan, kamar WD My Passport, suna da kalmar sirri. Yana da kyau, amma idan kin manta da ita hotunan sun kulle ke nan, don haka ki rubuta ta a takarda ki adana tare da muhimman takardunki.

Me za a fara ajiyewa?

A wurin aiki na sha ganin uwa ta kawo yaro mai sikila cikin dare, a tambaye ta sakamakon gwajin baya ko maganin da aka taɓa ba shi, ta ce duk suna tsohuwar wayar da ta faɗa ruwa. Sai a sake gwaji, a sake kashe kuɗi, a ɓata lokaci, yaro na ta murƙususu. Saboda haka ki fara da takardu: katin riga-kafi, takardar haihuwa, sakamakon gwajin jini, katin awo, takardun makaranta, takardar NIN, takardar fili ko gida. Ki ɗauke su hoto a wuri mai haske, ki buɗe folda da sunan kowane yaro. Waɗannan ba su da nauyi, za su shiga cikin gigabait 15 ɗin nan na kyauta su zauna.

Bayan su sai muryoyi da bidiyon manya. Idan mahaifiyarki ko kakarki na raye tana turo miki saƙon murya, ki danna saƙon ki riƙe, ki zaɓi alamar rabawa, ki tura wa kanki ta imel ko ki adana a cikin fayilolin waya. Sannan hotunan yara, shekara-shekara. Ki tuna hoton da aka turo ta WhatsApp yawanci an rage masa inganci, don haka ki nemi na asali daga wayar da ta ɗauka. Bidiyon barkwanci da gaisuwar Juma'a da ake turowa a guruf kuwa, ki goge su kafin kwafi.

Uku, biyu, ɗaya

Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. Wannan na ƙarshen shi muka fi rainawa. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ta nuna mana yadda ruwa ke shiga gida cikin dare ya haɗa waya da takardu da akwati ya tafi da su. Gobara da ɓarawo ma haka suke yi. Rumbu biyu a durowa ɗaya, hatsari ɗaya ne zai cinye su.

Ga yadda muke yi yanzu. Kwafi ɗaya yana waya da laftof, na biyu a rumbun da ke saman wadirof ɗina cikin 'yar jakarsa, nesa da rana da ƙurar hunturu da hannun yara. Na uku yana gidan Yaya. Duk ƙarshen wata, ranar da na yi cefanen wata, sai in jona in kwafi sababbi, in buɗe tsofaffi biyu-uku in tabbatar suna nan. Idan na je gidan Yaya sai mu yi musanyar rumbunan. Ba na jona shi a kan gado, ba na motsa shi yana aiki, ba na zare kebul sai na ba kwamfuta umarnin cirewa. Idan wata rana kika ji naki yana ƙwas-ƙwas, ki zare shi nan take. Kada ki yi ta gwadawa, kada a buɗe shi a gida, domin kowane gwaji ƙara lalata faifan yake.

Na san halin da ake ciki, kuma na san wata za ta ce ana ta shinkafa wa ke ta rumbu. Gaskiyarta. Farashinsa yana bin dala, ba kuma dole ne a saya wannan watan ba. A daren yau ki ɗauki katin riga-kafin yaranki hoto ki tura wa kanki ta imel, ki tura wa 'yar uwarki hotuna goma da ba za ki iya jure rasawa ba. Wannan ɗan data kawai zai ci. Rumbu kuma a saka shi cikin lissafin adashi mai zuwa.

Daga baya mun sami saƙon Umma guda ɗaya a wayar Gwaggonmu. Daƙiƙa 41 ne. Ba wata babbar magana a ciki, cewa take a aiko mata da daddawa, sannan tana mitar ba ma kiranta. Yanzu yana wuri uku, kuma autana da bai san ta ba yakan ce in kunna masa kakarsa.

Ke fa 'yar uwa, me kika taɓa rasawa da waya, kuma a ina kike ajiye naki? Ki rubuto a ƙasa, ina karantawa idan na sauka daga aiki. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.