Kifin ado: Kafin a sayi tukunyar iskar CO2, a fara duba wutar lantarki

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon tankin kifin ado a YouTube ko TikTok, ya ga tsirrai kore shar sun rufe ƙasan gilashi kamar darduma, zai so irinsa a falonsa. Sirrin yawancin waɗannan tankuna shi ne iskar CO2 da ake tura wa ruwan daga tukunya, domin tsirrai su yi saurin girma.

Sai dai masu waɗannan bidiyoyi a Japan da Jamus ba sa maganar ɗauke wuta, domin ba matsalarsu ba ce. Ga mazaunin Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha kuwa, a nan ya kamata lissafi ya fara.

Takashi Amano, Bajapanen da ya yaɗa wannan salo a duniya kafin rasuwarsa a 2015, ya gina shi ne a kan daidaito tsakanin haske da taki da iskar CO2. Idan fitila na kunne, tsiro yana shan CO2 ya saki iskar oksijin. Da zarar haske ya gushe, sai ya daina, ya koma shaƙar oksijin tare da kifin. Masu sana'ar kan tsaya a kusan miligiram 30 na CO2 a kowace litar ruwa. Idan aka zarce haka sosai, kifi ya fara galabaita.

A ɗauki gida a Kakuri, ƙarfe sha ɗaya na safe, maigida yana wurin aiki. An ɗauke wuta. Fitila ta mutu, injin tace ruwa ya tsaya, saman ruwa ya daina motsi. Tukunyar gas kuwa ba ruwanta da NEPA, matsin da ke cikinta ne ke tura iskar, don haka za ta ci gaba da aiki. Tsirrai ba sa sha, ruwa ba ya motsin da zai fitar da ita. Kafin la'asar kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, wasu kuma sun kife. A watannin Maris da Afrilu abin ya fi muni, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi.

Wannan ba hasashe ba ne ga mutanen Kaduna. A Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna.

Maganin farko shi ne bawul mai aiki da lantarki, wanda ake kira solenoyid. Yana buɗewa idan akwai wuta, ya rufe kansa idan ta ɗauke. Wasu kan tsallake shi don rage kuɗi, alhali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a tsallake a nan. A jona shi da fitilar a kan agogon kashe-kunna guda, ta yadda gas ba zai taɓa zuba cikin duhu ba. Agogon ma ya zama mai batir a ciki, domin mai juyawa da lantarki yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, lokacinsa ya rikice. Ƙaramin famfon iska mai batir, ko jona tankin a inbata, zai riƙe kifin har wuta ta dawo.

Haɗin gida na yis da sukari a gorar lemo ya fi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Yis ba shi da makunni. Dare da rana yana aiki, kuma zafi yana ƙara masa ƙarfi. Idan aka toshe gorar don a tsayar da shi, tana iya fashewa.

Ita ma tukunyar ba abin wasa ba ce. Matsin CO2 a cikinta ya kai kusan ba 57 a ma'aunin zafi 20, kuma yana hawa da sauri idan zafi ya wuce 31. Tukunyar gas ɗin girki ba a ƙera ta don irin wannan matsi ba, kada a yarda wani ya ɗura CO2 a cikinta. A ajiye ta ainihin a tsaye, a ɗaure, nesa da rana da hannun yara.

Masu goyon bayan na'urar za su ce akwai tsirran da ba sa yin kyau sai da ita, musamman masu shimfiɗa kamar darduma da jajaye. Gaskiya ne. Wanda ke da sola, da lokacin duba 'yar kwalbar gwajin da ke komawa kore idan gas ya daidaita, ruwan ɗorawa idan ya yi yawa, babu mai hana shi.

Wanda bai da waɗannan kuma bai rasa komai ba. Anubias barteri, ɗaya daga cikin tsirran da aka fi sani a tankunan duniya, ɗan asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya. An laƙaba masa sunan Charles Barter, masanin tsirran da ya rasu a Rabba, bakin Kogin Kwara, a 1859. Ba ya buƙatar gas, ba ya son haske mai ƙarfi, kuma yana jure kwanakin duhu. Bado ma, wanda ke cike da tafkunan Arewa, danginsa ne ake sayarwa a shagunan kifin ado na Turai.

Kifin da aka sa a gilashi amana ne, ba shi da inda zai gudu idan ruwa ya ɓaci. Duk wanda ba zai iya sayen solenoyid da famfon batir tare da tukunyar ba, gara ya dakata da sayenta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.