Miki Ma Yana Jin Ja da Matsi

A tagar da nake ba da magani a asibiti, da wuya mako ya wuce ba a tambaye ni wane magani za a barbaɗa wa gyambon da ya ƙi warkewa ba. Wasu ma kafin su iso sun riga sun fasa kafso sun zazzage garinsa a ciki. Kowa ya ɗauka cewa warkewar miki aikin magani ne kaɗai. Ni da magani ne sana'ata, zan faɗa cewa ba haka abin yake ba.

Ƙwayoyin halittar fata suna jin ja da matsi, kuma suna amsawa. Idan aka ja su daidai gwargwado sai su ƙara hayayyafa, sababbin hanyoyin jini su tsiro, jan nama ya cike ramin. Idan jan ya yi yawa kuwa, tabo ne mai kauri zai biyo baya, shi ya sa tabon ƙirji da na kafaɗa suka fi yin tudu.

A kan wannan ne Louis Argenta da Michael Morykwas na Jami'ar Wake Forest ta Amurka suka gina dabarar da suka wallafa a 1997. Ana cusa soso na musamman a cikin mikin, a rufe shi da leda mai mannewa yadda iska ba za ta shiga ba, sannan a jona tiyo da wata na'ura mai tsotsa. Tsotsar tana janye ruwa da mugunya, tana haɗo gefunan mikin, ƙananan ramukan soson kuma suna jan naman a dubban wurare lokaci guda. Akan sauya soson bayan kwana 2 ko 3.

A 2019 masana a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin David Mooney, suka fito da wani bandeji da ba ya buƙatar na'ura. Sun kwaikwayi tayi ne: idan fatarsa ta yanke a farkon halittarsa, gefen raunin kan zuge kamar zariyar wando, ya rufe ba tabo. Bandejin nasu yana manne wa fata, da zafin jiki ya ɗumama shi ya kai kimanin digiri 32 sai ya tsuke, ya jawo bakin raunin. An kuma sa masa ƙwayoyin azurfa don kashe ƙwayoyin cuta. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma a jikin ɓeraye aka gwada shi, kuma fatar ɓera sakwaf take, ba kamar tamu ba.

Ita kanta na'urar tsotsa ba ta cin kowace jarrabawa. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 a Birtaniya, kan mutum 460 masu karayar ƙafa da ƙashi a waje, bayan shekara guda waɗanda aka yi wa amfani da ita ba su fi masu bandeji na yau da kullum samun sauƙi ba. A 2009 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an samu mace-mace, galibi saboda zubar jini. Nan ne abin ya shafi aikina kai tsaye: duk mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, wajibi ne ya sanar da likita kafin a ɗaura masa ita. Ba a sa ta a kan jijiyar jinin da ta fito fili, ko mataccen naman da ba a kankare ba, ko ƙashin da ya ruɓe ba a yi maganinsa ba, ko mikin daji.

Abin da ya fi damuna shi ne mai ciwon suga da ke da gyambo a tafin ƙafa, danginsa suna ta haɗa kuɗin na'ura alhali kullum yana taka mikin zuwa kasuwa. Nauyin jikinsa ma matsi ne, kuma shi ne ke murƙushe sabon naman da ya tsiro cikin dare. Siminti na musamman da ake yi wa ƙafar, ko takalmin da ke ɗauke nauyi daga wurin, shi ne matakin farko da masana ƙafar masu suga suka yarda da shi, tare da daidaita sugan da kankare mataccen nama. Idan an yi waɗannan mikin bai motsa ba, a nan ne zan goyi bayan a kawo na'urar, a hannun wanda ya koyi ɗaura ta, a inda aka tabbatar wuta ko batir ba za su yanke mata aiki ba, domin soson da ya daɗe a cikin miki babu tsotsa matattarar ƙwayoyin cuta yake zama.