Daga karar Maigatari zuwa kasuwar sararin samaniya

Wata ranar Alhamis na yi wa wani ɗan'uwana mai fataucin dabbobi rakiya zuwa kasuwar Maigatari. Bayan an sallama masa bijimai uku, sai muka nufi rumfar wani yaro mai na'urar POS domin a tura wa mai shanun kuɗinsa. A kan rufin rumfar na hangi wani ɗan farin faranti na kamfanin Starlink. Da na tambayi yaron amfaninsa, sai ya nuna sama ya ce, "Malam, ai tauraro ne ke ba mu sabis, ba ruwanmu da wahalar layi."

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, kalmar nan ta "tauraro" ita ta tsaya mini a rai. Bahaushe ya yi ƙoƙari da ya laƙaba wa wannan na'ura suna tauraron ɗan Adam, amma sunan ya zo mana da wata yaudara. Tauraro a tunaninmu abu ne da ba ya tsufa, Zara da kakanninmu suka gani ita muke gani. Shi kuwa na ɗan Adam ya fi kama da tirelolin da ke lodin shanu daga Maigatari zuwa Kudu. Yana shan mai, yana lalacewa, yana da ranar daina aiki, sannan dole a san inda za a yar da gawarsa. Na Starlink ɗin nan, da ke yawo kimanin kilomita 550 a samanmu, shekara biyar ko kusa da haka ake ƙiyasta wa kowane ɗaya, sai a sauko da shi ya ƙone a iska, a harba wani.

Duk wanda ya san kara ya san ba sayen mota ke sa mutum ya zama ɗan fatauci ba. Akwai 'yan lodi, akwai makanike, akwai kuɗin da ake warewa kowane sawu domin ranar da injin zai buga. Haka kasuwar sama take a yau. Abin da ya ba kamfanin SpaceX galaba shi ne sufuri: tun Disambar 2015 da ya fara dawo da gindin rokarsa ƙasa lafiya domin a sake amfani da shi, kuɗin dakon kaya zuwa sama ya faɗi, har taurarinsa na Starlink suka haura dubu shida a 2024. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023.

To mu fa? An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003. A Mayun 2007 kuma China ta harba mana NigComSat-1, aka yi ta guɗa. Bai cika shekara biyu ba, a Nuwambar 2008, farantansa na tara hasken rana suka lalace ya mutu. Sai a Disambar 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R, wanda aka ƙera domin ya yi shekara 15, wato lissafin wa'adinsa 2026. NigeriaSat-2 da aka harba a Agustan 2011 kuwa shekara bakwai aka yanka masa. An daɗe ana yi mana albishir da sababbi. Amma ƙera tauraro da samo masa gurbi a roka aiki ne na shekaru, don haka ranar da aka harba ɗaya, ranar ya kamata a buɗe asusun magajinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani ba. A zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa yankin ciniki maras shinge a Maigatari, aka gina rumbuna, aka yi bikin buɗewa, sannan wurin ya shafe shekaru yana jiran masu zuba jari. Wurin bai yi laifi ba, ga iyakar Nijar a hanci, ga kasuwa mai tara fatake daga Damagaram. Halinmu ne na ɗaukar ranar yanka kirtani a matsayin ƙarshen aiki, kuma shi muka ɗauka muka kai sama.

Magana ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ba a hannunmu kaɗai take ba. Hanyoyin da taurarin nan ke bi tamkar burtali suke: na kowa ne, kuma suna da iyaka. A Janairun 2007 China ta gwada makami a kan wani tsohon tauraronta, ya tarwatse zuwa gutsattsari fiye da dubu uku. A Fabrairun 2009 wani mataccen tauraron Rasha ya yi karo da na kamfanin Iridium na Amurka. Kowane guntu yana gudun kusan kilomita dubu 28 a awa, a wannan gudu ko ƙusa harsashi ce. Tun 1978 wani masanin hukumar NASA, Donald Kessler, ya yi gargaɗin cewa tarkacen na iya yawan da karo zai riƙa haifar da karo har hanyar ta toshe. Kada mu manta mu ma muna da namu mushen a can, domin abin da ya mutu a nisan kilomita kusan dubu 36, inda aka ajiye NigComSat-1, ba ya faɗowa.

Na ƙasa-ƙasa kuwa suna faɗowa, kuma ba sa tambayar gonar wa za su sauka. A Mayun 2020 ɓaraguzan wata rokar China sun faɗa wasu ƙauyuka a Kwaddibuwa. A ƙarshen Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo ƙauyen Mukuku a Kenya. Da a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya faɗo, ranar kasuwa, wa talaka zai kama? Yarjejeniyar 1972 ta ɗora diyya a kan ƙasar da ta harba, amma gwamnati ce ke neman haƙƙin ga gwamnati. Kanada ta yi haka bayan tauraron Tarayyar Sobiyat ya tarwatse a ƙasarta a 1978, ta karɓi dalar Kanada miliyan uku. Manomi ba shi da ƙofar shiga sai ta Abuja, ita kuma Abuja sai ta tanadi wanda zai saurare shi.

Wani zai ce, ina ruwan mai neman ruwan sha da sharar sama? Hujjarsa tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai hasashen damina da manomin riɗi ke ji a rediyo, da taswirar da direban tirela ke bi a wayarsa, da kuɗin bijiman nan uku, duk ta sama suke biyowa. Idan burtalin ya toshe, mai arziki zai ja waya ta ƙarƙashin ƙasa, mu na bakin iyaka mu za mu fara ji a jikinmu.

A nawa ra'ayin, duk kamfanin da hukumar NCC za ta ba lasisin sayar mana da intanet daga sama, a sa masa sharaɗin bayyana yadda zai kwashe matattun taurarinsa. Amurka da kanta ta sa wa nata dokar shekara biyar tun 2022. Sannan mu koma kujerarmu da gaske a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sararin samaniya, wanda ɗan Nijeriya, Dokta Adigun Ade Abiodun, ya taɓa shugabanta daga 2004, mu haɗa kai da Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka da aka buɗe a Alƙahira a 2025. Ƙa'idoji 21 da kwamitin ya amince da su a 2019 shawara ce kawai, babu tara ga wanda ya karya. A karar Maigatari ma, wanda ya bar mushe a tsakiyar hanya sai sarkin kasuwa ya aika a kira shi.