Wanda Ya Riga Kai Labari Shi Ke Da Gari

A Janairu 1966, sa'ad da Manjo Nzeogwu ya yi juyin mulki, ta gidan rediyon Kaduna ya yi shela, domin a wancan zamani wanda ya kama rediyo ya kama kunnen jama'a. Haka masu juyin mulkin Mosko suka zata a Agusta 1991. Sun riƙe talabijin, amma kiran Yeltsin ya bi ta tarho da faks, cikin kwana 3 shirinsu ya wargaje.

Yau wayar hannu ta rarraba wannan iko ga kowa, alheri da sharri. Ranar 17 ga Yuni 2012, da labarin harin bom a majami'un Zariya da Kaduna ya bazu, sai matasa suka tare hanyar Abuja a Gonin Gora, aka kashe matafiya marasa laifi.

A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta toshe layukan waya a wasu sassa kimanin wata 2 don karya lagon 'yan bindiga, amma mai neman agaji shi ma ya rasa layi. Toshewa ba ta kashe jita-jita. Wajibi ne hukuma ta riga ta isa kunnen talaka da gaskiyar magana, masu unguwanni da limamai da fastoci su taya ta.