Me ya sa kasuwar 'yan kwantiragin kwamfuta ta mutu a Birtaniya?

Shekaru kaɗan da suka wuce, ƙwararren mai rubuta manhaja a Landan ba ya neman aiki, aiki ne ke nemansa. Zai ƙulla kwantiragin wata uku ko shida da wani banki, a riƙa biyansa ɗaruruwan fam a kullum, kafin ya kammala dillalan aiki sun fara kiransa a waya.

Yanzu labari ya sha bamban. Masu wannan sana'a na kokawa cewa sukan shafe watanni a zaune, idan aikin ya samu kuma, kuɗin bai kai na da ba.

Dokar haraji ce ta fara karya su

Yawancin 'yan kwantiragin kan yi rajistar ƙaramin kamfani nasu na kansu. Kamfanin ne ke karɓar kuɗin aiki, shi kuma mai shi ya yanka wa kansa ɗan albashi, sauran ya ɗauka a matsayin riba, wadda harajinta bai kai na albashi ba.

Hukumar tara haraji ta HMRC ta daɗe tana ganin da yawansu ma'aikata ne kawai da suka sauya riga. Don haka aka kafa dokar IR35 a shekarar 2000. Da farko ɗan kwantiragin ne ke tantance matsayinsa da kansa. A Afrilun 2017 aka ɗora wannan nauyi kan ma'aikatun gwamnati, sannan a Afrilun 2021 aka faɗaɗa shi zuwa manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu, bayan jinkirin shekara guda saboda korona.

Nan gizo ke saƙar. Idan kamfani ya yi kuskuren tantancewa, ana iya bin sa bashin harajin. Tun a 2019 bankuna irin su Barclays da HSBC da Lloyds suka zaɓi hanyar da ba rigima: suka ce sun daina hulɗa da masu irin waɗannan ƙananan kamfanoni. Wanda dokar ta hau kansa yana biyan haraji kamar ma'aikaci, amma wurin da yake yi wa aiki ba ya ba shi hutu, ba kuɗin jinya, kuma ana iya sallamarsa cikin 'yan kwanaki.

A Satumban 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya yi alƙawarin soke sauye-sauyen. Murna ta koma ciki, domin ko wata guda ba a yi ba magajinsa Jeremy Hunt ya janye alƙawarin.

Kuɗin ruwa da korar ma'aikata

Sai kuma bashi ya yi tsada. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 cikin ɗari a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023. Kamfanoni suka jingine sababbin ayyuka, kuma ɗan kwantiragi ne ake fara sallama saboda babu haƙƙin sallama da za a biya shi.

A daidai lokacin ne Meta ya kori ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Waɗannan alƙaluma ne na duniya baki ɗaya, amma wasu daga cikin mutanen sun faɗo kasuwar Birtaniya. Masu nema suka yi yawa, farashi ya faɗi.

Aikin ya koma Indiya

Ba sabon abu ba ne kamfanonin Birtaniya su miƙa ayyukan kwamfuta ga TCS da Infosys da Wipro. Abin da ya sauya shi ne korona ta nuna wa shugabannin kamfanoni cewa aikin na tafiya ko ba kowa a ofis. Wanda zai iya aiki daga gidansa a Leeds, wani zai iya yin irinsa daga Bengaluru ko Warsaw a kan kuɗi ƙasa da nasa.

Daga Afrilun 2025 gwamnati ta ƙara kason inshorar ƙasa da masu ɗaukar aiki ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15, abin da ya ƙara tsadar ɗaukar mutum a cikin gida.

Sai dai ɗora laifin duka a kan Indiyawa bai tsaya da ƙafarsa ba. A Yulin 2025 TCS da kansa ya sanar da rage ma'aikata kusan 12,000. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ta bazu tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, na rubuta sauƙaƙan manhajoji, kuma irin wannan aikin ne aka saba turawa ƙetare.

Wannan ya shafi Najeriya, wadda ke son zama wurin da ake kawo wa irin waɗannan ayyuka. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 na da burin horar da matasa miliyan uku. Matasan za su fito su tarar da kasuwar da 'yan koyo suka fi shan wuya a cikinta. Tun a 2019 kamfanin Andela ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, yana mai cewa masu ba shi aiki ƙwararru suke nema.