Laƙabin da Ake Jifan Talakawan Turawan Amurka da Shi

A ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana auna darajar ɗan Adam da launin fatarsa, akwai wani laƙabi na wulaƙanci, wato White trash, ma'ana sharar farar fata, wanda ake jifan talakawan Turawan karkara da shi tun zamanin bauta, musamman mazauna duwatsun Afalashiya da jihohin kudu. Kuma masana sun yi saɓani a kansa, ko wariyar launi ce, ko kuwa raini ne irin wanda mawadaci ke yi wa matalauci.

A nawa fahimtar, asalinsa rainin talaka ne, domin waɗanda suka mayar da shi hukunci Turawa ne masu ilmi da muƙami. A shekarar 1924 majalisar jihar Bajiniya ta zartar da dokar hana haihuwa ga waɗanda aka ce hankalinsu bai cika ba, sa'an nan a 1927 Kotun Ƙoli ta halatta a yi wa wata matalauciyar Baturiya mai suna Carrie Buck aikin da ya yanke mata zuriya, alhali babu wani aibi tabbatacce a tare da ita face talauci da rashin gata. Mutum fiye da 60,000, farare da baƙaƙe, aka yi wa wannan zalunci a faɗin ƙasar.

Sai dai ba ya halatta mu tsaya a nan, domin a wannan shekara ta 1924 majalisar ta kuma tsananta haramcin aure tsakanin farar fata da waninsa, kuma manufar dokokin biyu ɗaya ce, wai tsarkake jinin Turawa. Wanda ya ga sai ya ambaci farin fatar mutum kafin ya kira shi shara, haƙiƙa ya tona abin da ke zuciyarsa, cewa ƙasƙanci ga Bature abin al'ajabi ne, ga baƙar fata kuwa gado ne. Ashe da jifa ɗaya ya sami mutum biyu.

Suratul Hujurati ta hana mu jifan juna da miyagun laƙubba, kuma wannan laƙabi yana cikin mafi muninsu: talakan Bature yake zagi a sarari, amma da hujjar masu wariyar launi yake zaginsa.